Doka Ta Tsaya a Apapa, Batir Ya Wuce Sakkwato

Batirin litiyam ɗin da ke jingine a bangon shagon mai sola a Mabera ko a titin Ahmadu Bello, kafin ya baro masana'antar da aka ƙera shi a China sai da ya bi ta hannun mutanen da ba su da wani aiki illa su tabbatar ba zai kama da wuta a hanya ba. In dai na gaskiya ne, an gwada irinsa, an ba shi lamba, an manna wa kwalinsa tambarin kaya masu haɗari, kamfanin jirgin ruwa ya san kwantenar da yake ciki da inda za a aje ta. Haka ake lallaɓa shi har tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can a Legas. Daga nan sai kowa ya kakkaɓe hannunsa. Sauran tafiyar, fiye da kilomita 1,000 ta Kwantagora da Yawuri da Jega, ko ta Kano a biyo Funtuwa da Gusau da Talatar Mafara, batir yana yin ta ne da sunan "kaya" kawai, tsakanin buhun gari da katon ɗin taliya, wani lokaci ma a ƙarƙashin kujerar da mai goyo ke zaune. Kamar amaryar da aka rako da jerin motoci har bakin gari, aka sauke ta aka ce ta ƙarasa da ƙafa. Mu da muke ƙarshen hanya mu abin ya fi shafa, shi ya sa nake ganin daga wajenmu ya kamata magana ta taso.

Ba sai an gaya wa Basakkwace abin da ya cika gari da batura ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, janareto ya koma kayan ado a gidaje da yawa. A Oktoban 2024 kuma, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke taho da ita ta wajen Makurɗi shi ma ya faɗi, Arewa ta kwashe kwanaki cikin duhu. Wanda bai taɓa tunanin sola ba, a lokacin ya yi. Mai cajin waya, mai POS, tela, mai ƙanƙara, mai kemis da ke aje allura a firji, kowa ya nemi mafita. Tsohon batir mai ruwa da ake kira tubula nauyi gare shi, yana son a riƙa ƙara masa ruwa, zafinmu kuma yana cinye shi da wuri. Na litiyam ya fi daɗewa, ya fi saurin cika, ba ya neman hidima. Saboda haka wanda zai zo da maganar a hana shigo da shi ko a tsawwala masa haraji, ba da ni ba. Abin da ya raba talaka da kwana cikin zufa ba abin hanawa ba ne. Maganata a kan yadda ake ɗauko shi ne.

Sai mutum ya san abin da ke cikinsa kafin ya gane dalilin da duniya ke kaffa-kaffa da shi. Kowane batir tarin ƙwayoyi ne. A cikin kowace ƙwaya akwai shafi biyu da ba a so su taɓa juna, an raba su da wata 'yar leda da ba ta kai kaurin silin gashi ba, an jiƙe su da ruwan sinadari mai saurin kama wuta. In ledar nan ta huje, ko don an yar da batirin, ko an danne shi da kaya, ko an cika masa caji fiye da kima, ko tun a masana'anta aka yi ha'inci, sai shafukan su haɗu. Wurin ya ɗau zafi, zafin ya tayar da sinadarin, sinadarin ya ƙara zafi, ƙwayar ta tsage ta hura wa maƙwabciyarta. Da zarar abin ya kankama shi ke ciyar da kansa. Irin da ke cikin waya da laftof da fawa-bank har iskar da wuta ke buƙata yakan saki daga jikinsa, shi ya sa rufe shi da bargo ko watsa masa ƙasa ba ya kashe abin da ke faruwa a ciki. Tukunyar kashe wuta mai hoda, wadda jami'an kiyaye haɗurra ke tambayar direbobi a hanya, za ta kwantar da harshen wutar amma ba ta sanyaya ƙwayoyin ba, sai a ga ya sake tashi bayan an ɗauka an gama, wani lokaci bayan awanni. Abin da ke aiki ruwa ne mai yawa, a yi ta zubawa har ya huce, muddin ba a jone yake da wutar gida ba. Hayaƙin kuwa guba ne, a rufaffen wuri yakan riga wutar kai mutum ƙasa.

Masu jirgin sama da rayukansu suka sayi wannan sani. Ranar 3 ga Satumban 2010 wani jirgin kaya na kamfanin UPS, ƙirar Boeing 747, ya tashi daga Dubai zai tafi Jamus. Ba a yi rabin awa ba wuta ta tashi a cikin kayan. Hayaƙi ya cika ɗakin tuƙi har mataimakin matuƙin ya kasa ganin allon da ke gabansa, jirgin ya faɗi a kusa da Dubai, matuƙan biyu suka mutu. Bincike ya nuna yana ɗauke da baturan litiyam fiye da 80,000, kuma akwai waɗanda ya kamata a bayyana su a matsayin kaya masu haɗari amma ba a bayyana ba. A Yulin 2011 wani jirgin kaya na Asiana ya kama da wuta ya faɗa teku kusa da tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, shi ma da batura cikin kayansa. A farkon 2013 aka dakatar da tashin jiragen Boeing 787 gaba ɗaya saboda baturansu na zafi, a 2016 kuma aka hana shiga jirgi da wayar Galaxy Note 7. Daga 1 ga Afrilun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana a yi lodin baturan litiyam masu caji zalla a cikin jirgin fasinja. Ko a jirgin kaya, ba a yarda cajinsu ya wuce kashi 30 cikin 100 ba, domin batirin da ba shi da caji sosai wutarsa ba ta kai ta cikakke ba, kuma ba ta saurin tsallakawa.

Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk wannan ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce. Ta sa batirin litiyam a aji na 9 na kaya masu haɗari, ta ba shi lamba: UN3480 in shi kaɗai aka ɗauko, UN3481 in yana cikin na'ura ko an haɗo su kwali ɗaya. Kafin a yarda a yi safarar kowane iri, sai ya ci jarrabawar da ake kira 38.3, gwaji takwas. A sa shi inda iska ta yi ƙaranci kamar sararin sama, a yi ta kai shi zafin digiri 72 ana dawo da shi sanyin digiri 40 ƙasa da sifili, a jijjiga shi, a buga shi, a haɗa bakinsa biyu da gangan, a murƙushe ƙwayar, a cika masa caji har ya wuce, a tilasta masa sauke caji. In ya yi yoyo ko ya tsage ko ya kama wuta inda bai kamata ba, ya faɗi. Tun daga Janairun 2020 wajibi ne mai ƙerawa da mai rarrabawa su iya fito da taƙaitaccen sakamakon wannan gwaji ga wanda ya nema. Takarda ce mai shafi ɗaya ko biyu. Ku riƙe ta a rai, za mu dawo kanta.

Fasinjan jirgi ma an yi masa iyaka, da ma'aunin da ake rubutawa Wh a jikin batir. Zuwa 100 ka shiga da abinka, amma a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, kuma guda biyu kawai. Sama da 160 babu hanya. Fawa-bank mai 20,000mAh yana kama 74, shi ya sa ake barinsa. Mai 50,000mAh, irin wanda matasa ke so saboda yana kai kwana uku, ya kai 185, ba zai hau ba. To yanzu ɗauki batirin solar da aka fi saye a gidajenmu, mai 48V da 100Ah, wanda ake ce wa mai kilowat biyar. Wannan ya kai kusan Wh 5,000. Ya ninka abin da aka haramta wa fasinjan jirgi wajen sau 30, kuma fawa-bank mai 20,000mAh fiye da 60 ne a dunƙule wuri ɗaya. Shi ne ake turawa a but ɗin Sharon, mutum bakwai ko tara a zaune, gilashi a rufe saboda ƙura.

Wani zai ce ai jirgi daban mota daban, mota tana iya tsayawa a fita. Gaskiya ne, shi ya sa dokar hanya ba ta kai ta sama tsanani ba. Amma akwai ta. Akwai yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan safarar kaya masu haɗari ta hanyar mota, ana kiranta ADR, tun 1957 aka ƙulla ta a Turai, Najeriya kuma ta shiga cikinta a 2018. Wato a takarda mun yarda da yadda ake naɗe batir, da tambarin da ake manna masa, da abin da ya kamata direba ya sani. Abin da ya iso ƙasa daga irin wannan tunani ya tsaya ne a kan tankokin mai, inda hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, ke duba mota a defo kafin a yi mata lodi. Wannan daidai ne, tanka ta fi kisa. Sai dai tanka kowa na ganinta ya kauce. Batir a cikin kwali yake, an naɗe da buhu an ɗaure da igiya.

Na tsaya a wata tasha a nan cikin gari ina jiran saƙo, wani dattijo ya zo da batir a Keke Napep zai aika wa ɗansa a wani gari. Mutum biyu suka sauke shi da ƙyar. Kwalin ya sha hanya, gefe ɗaya ya lotsa, an liƙe da salatif. Ga tambarin nan a jiki, mai zane-zanen baƙi da fari da hoton batura da lamba 9 a ƙasa, ba wanda ya kalle shi. Mai rubuta wayabil ya ɗago kai ya ce, "Baba, mi ac ciki?" Ya ce, "Kayan sola na, ɗana." "Da gilashi?" "Babu." "To a sa shi ƙasa, shi ad da nauyi." Aka yi ciniki a kan nauyi, aka rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin kwalin da maka. Yaron mota ya tura shi can ƙuryar but, ya ɗora buhun albasa biyu da wani injin markaɗe, ya taka da ƙafa ya ja igiya. A gefen kwalin akwai jarkar fetur da direba ya tanada don kada ya sayi mai tsada a hanya. Babu mugu a cikinsu. Dattijon bai yi ƙarya ba, mai wayabil ya yi tambayar da ya saba, yaron mota ya yi lodi yadda aka koya masa, mai nauyi a ƙasa. Da kwalin ƙwai ne ko talabijin da sun san yadda za su yi da shi, domin an taɓa sa su biya.

A nan ya kamata a yi wa batir adalci. Zafin Sakkwato shi kaɗai ba ya tayar da lafiyayyen batir. Daga Maris zuwa Mayu muna wuce digiri 40, cikin rufaffiyar mota a rana yakan haura 60, amma wanda ya ci jarrabawar nan ya ga 72 bai yi komai ba. Zafin zai rage masa kwana, ba zai fasa shi ba. Bugu da ƙari, galibin manyan baturan sola irin da ake rubuta wa LiFePO4 ne, wanda ya fi na waya haƙuri nesa ba kusa ba, ko da yake in ya ɓaci yana fitar da iskar da kan iya fashewa a rufaffen ɗaki. Don haka tambayar ita ce: wanda ke cikin kwalin nan, an gwada shi kuwa? Nan ne kasuwarmu ke ba ni tsoro. Duk mai gyaran waya ya taɓa buɗe fawa-bank mai nauyi ya tarar da ƙwaya ɗaya ko biyu, sauran ƙullin yashi. Akwai ƙananan ƙwayoyin nan masu kama da batirin tocila, 18650, da ake rubuta wa 9,900mAh alhali na kirkin cikinsu bai fi 3,500 da 'yan kai ba. Akwai waɗanda aka kwance daga matattun laftof aka sake musu riga. Akwai manyan baturan da ake harhaɗawa a bayan shago da ƙwayoyin da masana'anta ta ware a matsayin masu aibi, a sa musu allon kariya mai arha, wanda masu sola ke kira BMS, ko a ƙi sawa ma. Irin waɗannan ne ramukan hanyar Gusau ke jijjigawa awa shida cikin zafin rana da buhun albasa a kansu.

Akwai kuma tafiyar da ba a maganarta, wadda ta fi zuwan haɗari: komawa. Batir ya kumbura, ko yana zafi ba dalili, ko ya faɗo daga kan kanta, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce. Mai shi ya kira wanda ya sayar masa, shi kuma ya ce, "Alhaji, garanti na nan, a turo shi Kano a duba." Sai a nemi kowane kwali a cusa shi a kai tasha. A ƙa'idar duniya batirin da ya lalace haka ba ya hawa jirgin sama ko na kaya ne, a mota ma sai an sa shi a mazubi na musamman an kewaye shi da abin da ba ya cin wuta. Mu kuwa wanda muka tabbatar ba shi da lafiya shi muke ɗora wa fasinja. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya da za a hana gobe da safe, wannan ne.

Ba labarin ƙasashen waje kaɗai ba ne. Ranar Babbar Sallar 2025 gobara ta cinye shaguna da dama a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, hukumar kashe gobara ta jihar ta danganta ta da fashewar batir. A Satumban shekarar, wuta ta tashi daga ɗakin inbata a ƙarƙashin benen Afriland da ke tsibirin Legas, hayaƙi ya bi ginin, mutum 10 suka rasu. Mu da muka ga abin da wuta ta yi wa Babbar Kasuwa a Janairun 2021 mun san yadda rumfa ke miƙa wa rumfa.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce, kuma yana da hujja. Duk sabuwar doka a ƙasar nan shinge take haifarwa. Ka ce batir sai da takarda, gobe wani ya tsaya a hanya da sanda mai ƙusa yana neman takardar, jibi ƙaramar hukuma ta buga sitika, gata wata ƙungiya ta fito da rasit. Kuɗin goron nan duka a kan mai saye zai sauka, batirin kuma yana nan a ƙarƙashin albasa. Abin da ya fi wannan muni, ranar da direba ya ji cewa kayan haɗari ne zai ninka kuɗin mota, washegari mai kaya ya ce kayan gyaran inji ne. Dattijon nan da ya faɗi gaskiya sai ya koyi ɓoyewa. Jirgin Dubai ya nuna inda ɓoyewa ke kaiwa. Dokar da za ta sa faɗin gaskiya ya yi tsada gara babu ita.

Shi ya sa nake cewa kada a ba wa masu tsayawa a hanya wannan aiki ko kaɗan. Wuri biyu ne batir ke tsayawa a gaban wanda zai iya dubansa a natse: inda ya shigo ƙasa da inda ake masa lodi. A tashar ruwa, hukumar kula da ingancin kaya, SON, da kwastan suna da tsarin tantance kayan da ake shigowa da su tun tuni. Abin da ake nema su dage a kai shi ne takardar gwajin nan, ta dace da lambar ƙirar da ke jikin batirin, ba ta wani iri da aka ara ba. Babban dila a kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano ya tura wa ƙaramin dila hotonta a WhatsApp tare da rasit, ba ta cin ko sisi. Mai saye a Sakkwato da zai zuba kuɗin da ya kai na babur a batir ɗaya yana da haƙƙin ya ce a nuna masa. Dilan da ke da ita zai yi alfahari da nunawa. Wanda ya hau kame-kame ya riga ya ba ka amsa.

A tasha kuwa, masu iko ba su da kaki. Shugabannin yuniyan ne da 'yan kamasho, kuma in suka ce ba a yi, ba a yi. Akwai littafin da fasinja ke rubuta sunansa da lambar ɗan'uwansa kafin mota ta tashi, akwai littafin wayabil. Ƙarin tambaya ɗaya ce: akwai batir? In akwai, ba ƙarin kuɗi, sai dai ƙarin kula. Kada ya kwana da jarka wuri ɗaya, kada a ɗora masa kaya, kada a sa shi ƙarƙashin kujera inda ba mai ganin hayaƙinsa sai ya cika mota. Ya zo a kwalinsa na asali da soson da ke riƙe shi, a kashe makunninsa, a liƙe bakinsa da salatif don kada sifana ko waya ta faɗa ta haɗa su. Dila ya turo shi da ɗan caji kaɗan, ba a cike ba. Mai saye ya daina ganin batirin da ya iso da kashi 30 a matsayin an cuce shi. Manyan, masu kilowat biyar zuwa sama, su bi motar kaya. Ƙananan ba su da wahala: ƙa'idar duniyar ma ta sassauta wa batirin da bai wuce Wh 100 ba, in dai kwalin mai ƙarfi ne da zai jure faɗuwa daga tsayin mita 1.2, bai wuce kilo 30 ba, kuma ba a zuba su tsirara suna gugar juna ba. Mai kawo batirin waya daga Kano a leda baƙa, guda hamsin a cakuɗe da caja da makullai, kwali da 'yar takardar raba su kawai ake nema a wurinsa.

Wanda ya lalace, alhakin kwasarsa a kan wanda ya sayar yake. Masu sola a garin nan sun isa su haɗa kai su samu fili ɗaya a inuwa, nesa da rumfuna, da durom na ƙarfe da busasshen yashi, a riƙa tarawa har motar dila ta zo ta ɗauka. Hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a 2024, waɗanda suka ɗora wa masu ƙerawa da masu shigowa da su nauyin abin da ya mutu. In ba a samar da inda za a kai ba, hannun 'yan gwangwan zai faɗa. Su sun saba da batir mai ruwa, a fasa a ciro darma a sayar. Ranar da yaro ya sa guduma a kan na litiyam yana neman abin da ke ciki, ba darma zai tarar ba.

Kada a manta kayan nan ba a Sakkwato suke tsayawa ba. Ta Kware da Gwadabawa suke wucewa Illela su tsallaka Ƙonni, wasu a bayan babur an ɗaure da roba, wasu su shiga ƙauyukan da motar kashe gobara ba ta taɓa zuwa ba.

Sai alhazai. Duk shekara dubban mutane ke tashi daga filin jirgin Sultan Abubakar III, da yawansu ranar ce farkon hawansu jirgi. Ɗa ya saya wa tsohuwarsa fawa-bank don kada wayarta ta mutu a Mina, ita kuma ta naɗe shi cikin zani ta tura can ƙasan babbar jaka don kada ya ɓace. A dawowa ga tsaraba: fanka mai caji, tocila, motar wasan yara, rediyon karatu. Abin da ke cikin babbar jaka yana can cikin jirgi inda ba mai ganinsa, abin da ke hannu in ya fara hayaƙi ma'aikata sun san yadda za su yi da shi. A Janairun 2025 jirgin Air Busan ya ƙone a filin jirgin Busan kafin ya tashi, wutar ta faro daga ma'ajiyar kaya ta saman kujeru, masu bincike suka nuna fawa-bank. Mutum 176 da ke ciki sun fita da ransu domin jirgin yana ƙasa. Bayan haka Koriya ta Kudu ta hana sa fawa-bank a ma'ajiyar sama, China ta hana hawa jiragen cikin gida da wanda ba shi da tambarin ingancinta, Emirates kuma ta hana amfani da shi a cikin jirgi daga Oktoban 2025. Malaman bita suna koya wa maniyyata ɗaura harami da jifan Shaiɗan har da yadda ake shiga bayin jirgi. Minti biyar ya isa a ɗaga fawa-bank sama a ce: Hajiya, wannan a jakar hannu, kusa da ke, in ya kumbura a bar shi gida.

Ba na jiran Abuja a kan abin da ya shafi tasha. Gwamnatin jiha tana da hukumar kashe gobara, tana da ma'aikatar da ke kula da sufuri, shugabannin direbobi da na 'yan kasuwar sola da na masu waya duk a cikin garin nan suke, sun san juna, suna haɗuwa a ɗaurin aure. Zama ɗaya zai fitar da takarda mai shafi guda da Hausa, da boko da ajami, a manna a kowace rumfar wayabil, da hoton tambarin nan mai lamba 9 don yaron mota ya gane shi. 'Yan kwana-kwana su zagaya tashoshi su nuna wa direbobi abin da za su yi in kwali ya fara huci ko ƙara kamar ana soya abu: a tsaya, a fitar da mutane tukuna, a koma ta inda iska ke tahowa, kada kowa ya rungumi kwalin don ceton dukiya. A yi shi cikin hunturu, domin da bazara ta kama kowa ke neman batir, lokacin kuma ba dila ko direban da zai samu sukunin zaman taro.